Zaren Da Sosina Ta Ɓoye

Malamarta ce ta tona wa Sosina asiri, kuma da bakin yabo ta tona shi.

Ni katangata ɗaya da gidansu Sosina a unguwar Shiro Meda, katangar kwano ce kuwa, ko cokali ya faɗi a can sai na ji. Saboda haka kada wanda ya tambaye ni inda na samo labari.

Sosina 'ya ce tilo ga Woizero Askale. Woizero a wurinmu laƙabin girma ne na mata, Ato kuma na maza. Shekarunta ashirin da bakwai, tana aiki a kantin magani, ba yarinya ba ce da za a sa wa igiya a ja. Amma uban ya rasu, uwar kuma tana da hawan jini, ta kuwa san yadda ake aiki da shi. Da Sosina ta ce a'a, sai ta dafe ƙeya ta nemi kujera.

Wanda uwar ke so shi ne Ato Yilma, mai manyan motocin da ke zuwa Jibuti, mutum mai kunya da sakin hannu, ban taɓa jin an faɗi aibunsa ba. Wanda 'yar ke so kuwa Malebo ne, masaƙi, ɗan ƙabilar Dorze, mai wuni da ƙafafu a cikin ramin saƙa.

Abin dariya, uwar ce ta kai ta gidansu Malebo da ƙafarta. A danginsu Askale ba a sa wa mace zobe sai ta kaɗa zaren gabin mijinta da hannunta, ta yafa masa a gaban dattawa. Gabi kuwa mayafi ne mai ninki huɗu, abawar da yake ci ba ta wasa ba ce, ga Sosina ko mazari ba ta taɓa riƙewa ba. Sai aka shirya da Emama Bogalech, gwanar kaɗin unguwarmu, ta riƙa koya mata ita kaɗai kullum in ta taso daga aiki. Yilma ya aiko da buhun auduga fara tas. Ba wanda ya tuna cewa Malebo ɗan Emama ne, kuma raminsa yana tsakar gidan, dab da tabarmar koyo.

Kafin damina ta wuce, yarinya ta iya gurza, ta iya shiɓa, ta iya dangwalar toka ta murza mazari har ya yi kuka. Zuciyarta kuma ta riga ta faɗa ramin saƙa.

Sai ta yi dabara. Tunda babu zobe sai zare ya cika, ta riƙa kaɗi iri biyu. Wanda za ta kai gida ta nuna wa uwarta, ta yi shi kulli-kulli, nan kauri nan siriri, ana taɓawa yana tsinkewa. Na gasken kuwa, mai laushi, wanda ta zuba ranta a ciki, tana tara shi a ƙasan kwandon Emama, an rufe da tsohon zane. Wannan na Malebo ne.

Wata ya bi wata, haƙurin Woizero Askale ya ƙare.

Ranar wata Laraba ta faɗo musu ko sallama babu, da dunƙulen mugun zaren nan a hannu. Ta jefa shi gaban Emama.

"Bogalech, wannan ne kaɗin da ake yabonki da shi?"

"Ku zauna mana, Woizero, a ɗora gahawa."

"Ban zo shan gahawa ba. Wata nawa ina turo miki 'ya, abin da kika iya koya mata ke nan? Ko igiyar ɗaure akuya ba zai yi ba. Ashe sunan banza ne. Ko kuwa tsufa ne ya cinye hannun?"

Sosina ta ɗago tana roƙon malamarta da ido. Emama ta san komai, ita ce ma ta ba da zanen rufewa. Amma tsohuwar nan ka zagi uwarta da ubanta ta yi shiru, kada dai ka taɓa kaɗinta. Na ga mata da yawa sun yi fushi a unguwar nan, ban ga mai fushi irin gwanar da aka ce ba ta iya ba.

"Hannuna ne ya mutu?" Ta miƙe tsaye. "Ni Bogalech?"

"Emama, don Allah..." in ji Sosina.

Ina! Idonta ya riga ya rufe. Ta janyo kwando, ta yaye zane, ta juye shi a kan tabarma. Dunƙule-dunƙulen abawa suka gangaro, farare, sumul, kai ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

"To duba! 'Yarki ce ta kaɗa wannan, a gabana, da koyarwata! Ki zaga Addis Ababa kaf ki nemo mini irinsa!"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ta kama bakinta, ta sulale ƙasa. Baki shi ke yanka wuya.

Ƙarar masaƙa ta tsaya cak.

Woizero Askale ta durƙusa ta ɗauki dunƙule ɗaya, ta ja silin zare, ta gwada shi a tsakanin yatsu. Ta dubi 'yarta. Ta juya ta dubi saurayin da ke cikin rami, ƙoshiyar saƙa a hannunsa, ya kasa haɗa ido da kowa. Ba ta buƙaci wani ya yi mata bayani ba.

"Wa aka tara wa wannan?"

Sosina ta sunkuyar da kai.

"Na ce wa aka tara wa?"

"Ni na tara, Emaye, kuma na Malebo ne," in ji Sosina. Emaye, haka take kiran uwarta.

Na yi tsammanin za ta dafe ƙeya. Ba ta dafe ba. A hankali ta tattara zaren duka a cikin zanen, ta ƙulle, ta taka har bakin ramin ta ajiye a cinyar Malebo.

"Kai masaƙi ne ko? To ga aiki na kawo maka. Gabi nake so, ninki huɗu, na surukina Ato Yilma. Dogo ne, ka saki tsawo."

"Woizero, ku yi mini rai," in ji Malebo, muryarsa can ƙasa. "Akwai masaƙa cike da unguwa."

"Kai nake so. In kuwa ka ƙi, Lahadi a ƙofar coci zan faɗa wa duk mai kunne cewa gidan nan mayu ne, kun cinye mini 'ya da ido. Mu ga wanda zai sake kawo muku zare."

Wannan magana ita ce ke ƙona mini rai har yau. Mai faɗin ta saƙar masaƙan nan ta yafa ta zo, da saƙarsu aka yi goyonta, da saƙarsu za a naɗe ta ranar da za a kai ta kabari. Hannunsu ya isa ya suturta mu, amma in an zo batun 'ya sai a tuna mayu ne.

*

Dare bai yi ba, tun da sauran rana, kuka ya kaure a gidan Askale.

"Me na rage ki da shi? Ubanki ya mutu ya bar ni da ke, na ƙi aure saboda ke, na sayar da gurasar injera a bakin titi na kai ki makaranta. Sakayyata ke nan?"

"Emaye, ban ƙi ki ba. Mutum kawai nake so."

"Mutum! Duk mazan garin nan ba ki ga mutum ba sai mai zama a rami? Jikokina su tashi ana nuna su da baki? Dangin ubanki na Gojjam su zo biki su tambayi asalin ango, in ce musu me?"

"Ki ce musu yana tsoron Allah, yana ci da guminsa."

"Audugar ma ta Yilma ce! Ki ɗauki audugar bawan Allah ki kaɗa wa wani? Ko kunya!"

"Zan biya shi audugarsa. Zuciyar da na kaɗa da ita ba shi ya aiko da ita ba."

Na ji ƙarar kujera, na ji numfashi sama-sama, na ji Sosina na ihu a kawo ruwa. Na zaga da gudu. Na tarar da matar a kwance tana riƙe da hannun 'yarta gam.

"Ki rantse da Maryam," take cewa. "Ki rantse za ki yafa masa gabin nan, ko ki haƙa mini rami kusa da ubanki."

Sosina ta durƙusa, hawaye har wuya. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa.

"Na rantse zan yafa gabin da hannuna," in ji ta.

Uwar ta lumshe ido, numfashi ya daidaita nan take. Ni dai na ɗauki ƙoƙon ruwana na koma gida.

*

An hana Sosina zuwa gidan Emama, darasi ya ƙare. Ta daure kwana da kwanaki, ranar da abin ya fi ƙarfinta ta baro kanti da tsakar rana, da farar rigar aikinta, ta nufi can.

Tun daga ƙofa ta ji ƙarar masaƙa. Emama na ganinta ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, don tun ranar nan ba ta iya kallon yarinyar.

Malebo na cikin rami, ya rame, idanu sun faɗa. Farin ƙyalle ya riga ya naɗu da kauri a jikin takala, sandar da ake naɗe saƙa.

"Ashe da gaske kana saƙawa."

Bai ɗago ba. Ƙoshiya ta wuce dama, ta dawo hagu.

"Malebo, da kai nake magana."

"Ina jin ki, Sosiye."

"Zaren da na kaɗa maka? Yatsuna har sun yi kanta. Kowane dunƙule sunanka nake kira a kansa, shi ne za ka zauna ka saƙa wa wani?"

Ya ajiye ƙoshiya. Da ya ɗago ta ga idonsa jawur.

"Kin san abin da nake roƙo kullum in na shiga ramin nan? Ya tsinke. Ya tsinke mini ko sau goma a kamu ɗaya, in sami dalilin jinkiri. Ko sau ɗaya bai tsinke ba. Kin iya kaɗi, Sosiye, kin iya har kin cuce ni."

Ta zube a bakin ramin ta fashe da kuka.

"To ka yanke shi! Ga reza can, ka datse shi mu huta!"

"In na yanke, gobe uwata ba ta isa ta ɗebi ruwa a famfon unguwa ba. Yara za su riƙa gudu in sun gan ta. Kin san yadda kalmar nan take, in ta manne wa gida ko jikoki ba ta bari."

"Mu gudu mana. Mu tafi garinku, can kan dutse, inda masaƙi mutum ne. Zan kaɗa, ka saƙa."

"Ita kuma Emaye ɗinki?"

Ta kawar da kai.

"In ta faɗi bayanmu ta mutu, da wane ido za ki dube ni? Kullum kika kalle ni gawarta za ki gani. Ni ina da uwa, na san abin da ake nufi da uwa."

"Wato ka haƙura da ni ke nan."

"Ban haƙura ba, mutuwa nake yi a zaune."

"Ƙarya ne! Da kana sona da ka fito daga ramin nan ka yi faɗa saboda ni! Tsoro kake ji, sun ce maka kai ba kowa ba ne, ka yarda!"

Maganar ta soke shi, sai da ya runtse ido.

"Wataƙila na yarda. Tun ina yaro nake jin ta, ko dutse ne ya lotsa. Amma ki sani, ban taɓa saƙa abu da kyau kamar wannan ba, kuma ba zan sake ba. Aikinki da nawa ne a haɗe, ko wa zai yafa. Iyakar auren da suka bar mana ke nan."

Sosina ta miƙa hannu ta shafa ƙyallen. Hawayenta ya ɗiga a kai, ya yi saurin sa tafin hannu ya tare na biyun, don kada ya yi tabo. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta tashi ta fita ba ta waiwaya ba, kafin ta kai ƙofa ƙarar masaƙa ta ci gaba.

Da yamma Yilma ya tsaya da mota a ƙofar kantin, ya ga idonta a kumbure.

"Wani abu na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba, Ato Yilma. Da ma ka yi, da ya fi mini sauƙi."

"Na ji ƙishin-ƙishin," in ji shi, yana murza makullin mota. "Ban tilasta ki ba, kuma ba zan janye ba. Na daɗe ina jiran ki. So yana zuwa a zaman aure, na gani a gidanmu."

Ga uwa da rantsuwa, ga masoyi ya sunkuyar da kai, ga manemi da ba shi da laifin da za a kama. Yarinyar nan ta rasa ko bangon da za ta buga kanta.

*

Ranar sa zobe aka shimfiɗa ɗanyar ciyawa a falo, turare na tashi, aka soya gugguru. Dattawan Yilma suka jeru da sandunansu, dangin Gojjam suka cika kujeru. Ni aka sa zuba gahawa, don haka komai a idona aka yi.

Ana yayyafi Malebo ya kawo gabin, a naɗe cikin takarda, ya rungume shi a ƙirji kada ya jiƙe. Woizero Askale ta aika a karɓa a bakin ƙofa, ko tsakar gida ba a bar shi ya tako ba. Ya kamata ya tafi. Bai tafi ba, ya tsallaka titi ya tsaya a gindin itacen turare, ruwa na sauka a kansa.

Da aka warware gabin falon ya yi tsit. Wata tsohuwa daga Gojjam ta shafa shi ta sumbaci yatsunta.

"Askale, kin haifi 'ya. Rabon da in ga irin wannan kaɗin tun zamanin kakata."

Askale ta washe baki har kunne. Aka kira Sosina.

Ta fito cikin farar riga, fuskarta ba dariya ba kuka. Uwar ta ɗora mata gabin a hannu biyu. Yilma ya miƙe, ya gyara kwat, ya ɗan sunkuyar da kafaɗu yana jira. Mata suka fara guɗa.

Ta taka ta isa gabansa. Ta tsaya.

"Ato Yilma, ka yafe mini," ta ce a hankali. "Kai mutumin kirki ne, ka cancanci wadda za ta kaɗa maka naka."

Ta ratse ta gefensa ta nufi ƙofa.

Guɗa ta mutu a maƙogwaro. Butar gahawa na hannuna tana zuba a kan tire ban sani ba.

"Sosina!" Askale ta daka tsawa. "Kin rantse da Maryam!"

"Na rantse zan yafa shi da hannuna, Emaye. Yanzu zan yafa."

"In kika taka ƙofar nan ba ni ba ke! Na rantse da ƙashin ubanki, ban haihu ba!"

Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa. Na ce a raina za ta juyo, don na san yadda take son uwar nan, ita ke auna mata jini safe da yamma, ita ke yanke mata farce. Ta juyo kuwa, ta durƙusa har ƙasa, ta sumbaci dokin ƙofar gidan da aka haife ta.

Sannan ta tashi ta fita cikin ruwa.

Na ajiye buta na bi ta har ƙofar gida. Malebo na ganin ta tafe da gabin ya fara ja da baya yana girgiza kai.

"A'a, Sosiye. Koma. Don Allah koma tun ba a makara ba."

Ta yi ɗage ta yafa masa shi a kafaɗu, ta kama bakin biyu ta haɗe a ƙirjinsa ta riƙe. Ya sa hannu zai cire, ta ƙi saki.

"Ni na kaɗa, kai ka saƙa. In za ka cire, sai dai ka cire da yatsuna."

Hannunsa ya sauka a kan nata, bai cire ba. Ƙaton namiji ya tsaya a titi yana kuka kamar yaro.

Sai ihu ya tashi daga cikin gida, irin wanda ba a yin sa sai an yi rashi.

Na waiwaya. Woizero Askale ta fito tsakar gida, ta zare mayafinta ta juya shi, adon bakin ya koma sama ya zagaye fuskarta, yadda muke yafawa in za mu gidan makoki. Tana dukan ƙirji da hannu biyu.

"Wayyo 'yata! Wayyo 'yata ta tafi ta bar ni! Ku kafa rumfa, ku kira mutane!"

A unguwarmu ba a jiran aike in an ji wannan kukan. Ƙofofi suka buɗe, mata suka fito da gudu, kowace tana juya mayafinta a hanya, wasu sun fara kuka tun ba su san na wa ba ne.

Wata tsohuwa mai sayar da barkono, da idonta ba ya gani sosai, ta ci karo da Sosina a bakin titi. Ta lallubo fuskarta ta gane ta, ta riƙe mata hannu tana haki.

"'Yata, daga gidanku nake jin kuka. Wa ya rasu?"

Sosina ta dubi ƙofar gidansu, inda mutane ke ta shiga suna wuce ta. Hannunta ɗaya na nan riƙe da bakin gabin.

"Ni ce, Emama," ta ce, yadda muke kiran kowace tsohuwa. "Ku shiga ku yi mata gaisuwa."